Ranar da Bakin Kalle Ya Yi Shiru

Ban iya buga balo ba. Duk wanda ya ce muku na iya, ko dai bai taɓa ganina a fili ba, ko kuma yana so in ɗinka masa riga kyauta. In balo ta taho ta dama, ƙafata hagu take dosa, in kuwa ta taho ta sama sai in runtse ido in bar wa Allah. Duk da haka na daɗe ina sa rigar ekip ɗin Kalle, ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, kuma ba a taɓa barina a bakin fili ba. Abu biyu suka sama mini wuri, bakina da tsagar Gobir da ke fuskata.

Na zo Yamai daga ƙasar Gobir jim kaɗan bayan samun mulkin kai, na sauka wajen kawuna, tela ne a Kalle, kusa da Babbar Kasuwa. A lokacin ƙafar tela ba ta sauka daga keken ɗinki. Nasara sun tashi daga kujeru, waɗanda suka hau kujerun kuwa kowa yana son kaki mai manyan aljihuna, ga tutoci da ake ta nema ba ƙaƙƙautawa. Daga Litinin zuwa Asabar muna ɗinki, ran Lahadi da la'asar kuma gari ya ɗunguma kallon balo. Unguwa da unguwa ake karawa, amma duk sauran karawar share fage ce. Wasa na gaskiya shi ne Kalle da Gudel.

Gudel tana bakin gulbi, yamma da gari, mutanenta masu garka ne da masunta. Su a ganinsu jiya aka haifi Yamai suna zaune suna kallo, mu ƴan Kalle kuwa tarkace ne da muka biyo Nasara muna tsintar ɓawon burodi. Mu kuma mukan ce in iska ta taso daga yamma ba sai ka tambayi hanyar Gudel ba, hancinka zai kai ka. Ba a taɓa tashi wasa tsakaninmu ba a fasa wa wani baki ba, kuma kullum daga magana ake farawa. Wani ya taɓa uwar wani a tsakiyar fili, sai naushi, sai ƴan kallo su shigo da sanduna. Har sai da kwamisan polis ya aiko cewa in aka sake zub da jini, to balo ta ƙare a unguwannin biyu.

Kapitan ɗinmu akawu ne a wata sabuwar ma'aikata, siriri, mai gilashi, wanda ba ya barci da matsala sai ya samo mata ƙofa. Ya san ƴan Gudel sun fi mu ƙarfi, ya kuma san in ba a tayar musu da hankali ba ba ma cin su. Wata rana ya kawo wando a rage masa tsawo, ya tarar ina fama da wani Bazabarme da ya zo karɓar riga. Na wanke mutumin tas tun daga kakansa, shi kuwa yana ta dariya yana ramawa, har ya tafi yana sa mini albarka. Kapitan ya cire gilashi ya dube ni, ya ce, «Kai Bagobiri ne na gaske, ko aron fuska ka yi?» Ran Lahadin da ta biyo baya ina cikin fili.

Ga wanda bai sani ba, Bagobiri da Bazabarme taubasai ne tun kaka da kakanni. Duk abin da na gaya wa Bazabarme ba zagi ba ne, wasa ne, haka shi ma. Yana iya ramawa da baki har rana ta faɗi, amma ba shi da ikon yin fushi, balle ya ɗaga hannu. In ya kuskura ya yi, nasa dattawan ne za su fara kunyata shi, su sa shi ya sayi goro ya ba ni haƙuri. Abin yana da iyaka, ba a taɓa uwa, ba a taɓa lalurar da Allah ya ɗora wa mutum, ni kuma ban taɓa tsallake wannan iyaka ba. Amma abin da ke cikin iyakar fili ne mai faɗi, kuma ƴan wasan Gudel duk Zabarmawa ne. Kapitan ya samo mutumin da zai zage su a bainar jama'a su kuma ce madalla.

Aikina ɗaya ne, in tsaya gaban mai tsaron ragar Gudel. Raga dai a baki, domin sanduna biyu ne da igiya a sama. Mutumin manomin garka ne, ƙato, tafin hannunsa ya kai faifai, in ya riƙe balo sai ka ga kamar ya riƙe lemo. A Gudel ba mai mai da masa magana. In ya yi gyaran murya ƴan bayansa sai su ce to, tun ba su ji abin da zai faɗa ba. An ce ya taɓa ɗaga wani ɗan wasanmu sama ya ajiye shi bayan fili kamar buhun albasa. Ranar farko na nufe shi kai tsaye, domin baki bai san tsoro ba, shi ke jawo wa wuya.

Na ce, «Kai, ɗan kopto! Ka san mi ya hana kada cin Bazabarme?»

Ya dube ni daga sama, ya ga tsagar, na ga fuskarsa ta canja kamar ta wanda ya taka ƙaya a masallaci.

Na ce, «Ya taɓa cizon guda, ya tohwar, ya ce shi ba akuya ba ne da za shi ci ganye.»

Kopto shi ne kwaɗon zogalen da Zabarmawa ke ci safe da maraice, ba sa gajiya. Ƴan kallon da ke bayan raga suka fashe da dariya, har nasu. Ƙaton ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Hausarsa ta kasuwa ce, tana isarsa sayar da salati amma ba ta isarsa faɗa. Yana nan yana haɗa amsa a ransa balo ta wuce ta gefen kunnensa. Sai da aka mai da ita tsakiya sannan amsar ta iso, ya daka mini tsawa ya ce kaza ce ta yi tono a fuskata. Na ce masa amsar ta yi kyau, sai dai ta makara, ya ajiye ta zuwa baɗi.

Arbit ɗinmu, wato alƙalin wasa, wani mushe ne, kamar yadda muke kiran malamin lakkwal, makarantar boko, Kirista daga Dogon Dutsi, mutumin kirki mai son doka. Ya busa usur ya nuna mini hanyar waje, wai dokar balo ta hana zagi. Sai ga dattawa sun shigo fili daga ɓangarorin biyu, na Gudel ma su ne a gaba, suna tambayarsa ina ruwansa da shiga tsakanin taubasai. Wani tsoho ya ce masa, kai da kake Ba'are, in taubashinka Bafillace ya zo ya kira ka bawansa, polis kake kai shi? Mushe ya mai da usur bakinsa, bai sake kula ni ba. Faɗa ya ragu, kwamisan polis ya sami barci, ni kuma aka sa mini suna Bakin Kalle.

Haka muka yi ta yi, damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ƙaton ya ƙware shi ma. Yakan zo da nasa a shirye, ya ce an tsage mu ne don kada mu ɓace a kasuwa, ko ya ce wanzamin da ya yi mini aiki bashi yake bin ubana. Wasu sukan yi mini zafi, in yi dariya dole, domin dokar a kaina take kamar yadda take a kansa. Ina ɗinki ina saƙa masa magana, na tabbata shi ma yana ban-ruwa yana saƙa mini. Ban taɓa sanin ƙofar gidansa ba, amma ba wanda nake tunani a Yamai kamarsa.

Sai ga wata ta zo ta karɓe masa wuri. Matar kawuna takan aike ni Ƙaramar Kasuwa sayen kayan miya, can na ga wata yarinya tana sayar da salati da tomati a babban kwano. Ban ma tsaya ba ta ga fuskata, ta ɗaga murya ta ce, «Bawa, zo ka ɗauki kayan uwargijiyarka!» Na ce mata ban taɓa ganin uwargijiya tana zaune a ƙasa tana korar ƙuda ba. Ta rama, na rama, mata suka taru. Hausarta ta fi ta ƴan Kalle da yawa kaifi, kuma in za ta yi dariya sai ta fara cije leɓe tukun kamar mai rowa. Daga ranar gidan kawuna bai sake rasa salati ba, har matarsa ta ce ko so nake mu koma Zabarmawa.

Ta gaya mini ita ƴar Gudel ce, garkarsu tana bayan filin balo, daga can take kallon wasa ta kan shinge. Duk bayan karawa da su sai ta ce in maimaita mata abin da na gaya wa mai tsaron raga, wai ba ta ji sosai ba. Ni kuwa abin nema ya samu, in tsaya a tsakiyar kasuwa ina kwaikwayon yadda yake buɗe baki yana rufewa, har da ƙarin gishiri. Ita kuma ta yi ta dariya har ta kifa kai a gwiwa. Ban taɓa tambayarta ƴar gidan wa ce ba. Saurayi in yana ba budurwa dariya ba ya tambayar komai.

Da na ga ina ɗinke hannun riga a wuya saboda tunani, na samu kawuna na gaya masa aure nake so. Ya yi murna, ya ce zai bincika asali kamar yadda ake yi. Ya hau kekensa ya tafi Gudel da hantsi, ya dawo bayan azahar, ya jingine keken, ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kawuna ba ya cire hula sai an yi mutuwa.

Ya ce, «Ɗana, cikin matan Yamai duka, ba ka ga ta so ba sai wagga?»

Na ce, «Mi ya faru, kawu?»

Ya ce, «Ƙanwar mai tsaron ragar Gudel ce, ciki guda. Ubansu ya rasu, shi ne uba, shi ne mai bayarwa.»

Na zauna a kan tarin ƙyallaye. Kowa ya san surukin mutum ba abokin wasansa ba ne. Da ƙanenta ne da sauƙi, ƙanen mata abokin tsokana ne. Amma wanda ya tsaya a matsayin uba, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kallon idonsa, ba ka kiran sunansa, in kun haɗu a hanya ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Ni kuwa na shekara da shekaru ina gaya wa wannan bawan Allah, a gaban garinsu, cewa kada ma ya raina shi.

Duk da haka kawuna ya tara dattawa suka kai goron tambaya. Suka dawo suka ce ya karɓe su da mutunci, ya shimfiɗa musu tabarma, ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce ya ji, amma a bari wasan Lahadi ya wuce. Lahadin nan kuwa mu da su ne, a filinsu. Tun daga ranar da aka kai goro yarinyar ta daina fitowa kasuwa, kamar yadda kunya ta tanada, don haka ban sami jin ta bakinta ba. Na dattawa kawai na ji, su kuma bakinsu ɗaya. Suka ce gwaji ne, yana so ya ga ko ina da tarbiyya.

Kawuna ya ce, «Ka tahi, kak ka ƙi zuwa, ƙin zuwa tsoro ne. Amma ka ɗinke bakinka awa aljihun marowaci. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.»

Na ce masa ai wannan ba wada ba ne, in na durƙusa masa sai ya yi zaton na ɓace. Bai yi dariya ba. Ya ƙara da cewa ba zan tsaya gaban suruki da gajeren wando ba, gwiwa waje kamar ɗan kokowa, sai dai in yi wasan da dogon wando.

Kamar wannan bai isa ba, ana saura ƴan kwanaki sai labari ya cika gari cewa dorina ta fito daga gulbi ta shiga garkar ƙaton, ta cinye masa shu, wato kabeji, kaf, ta tattake sauran, shi yana barci a bukkar gadi bai ko motsa ba. Tun ina duniya ba a taɓa miƙo mini kyauta irin wannan ba. Mutane suka riƙa leƙowa shago suna cewa, «Bakin Kalle, ka ji labarin dorina?» Wasu da ba su taɓa kallon balo ba suka ce ran Lahadi da su za a tafi. Ni kuwa maganar ta haɗu a kaina tun a daƙiƙar farko, ba ta bukatar gyara. Zan ce masa dorinar ba ɓarna ta zo yi ba, biko ta zo, ta ce maigida ya yi haƙuri ya koma ruwa, yara suna ta kuka.

Kapitan ya ji ƙishin-ƙishin ɗin auren, ya zo shago ya tsaya a kaina. Ya ce, «Ba don ƙafarka muka ba ka riga ba. In ƙafa muke nema, akwai guragu a bakin kasuwa da suka fi ka.» Na ce ya bar ni in yi ciwon ciki ran Lahadi. Ya ce ko gawata ce sai an jingine ta gaban ragar Gudel. Gaba kura, baya sayaki. Amma gaskiya ban daɗe ina aunawa ba. Kalle tana iya samun wani Bagobirin, ni kuwa ban ga inda zan samo wata mai cije leɓe kafin ta yi dariya ba.

Ran Lahadi muka bi bakin gulbi a ƙafa har Gudel, jama'a na biye da mu kamar ana rakiyar amarya. Filin cike yake, har kan itatuwa. Da na fito da rigar ekip a sama, dogon wandon sallah a ƙasa, aka fara dariya, ana zaton wata sabuwar tsokana ce. Na miƙe har gaban raga. Ƙaton yana tsaye ya buɗe ƙirji, ya shirya, na ga ma ya ɗan yi murmushi irin na wanda ya zo da guzuri. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na sunkuyar da kai, na gaishe shi da Zabarmanci na ce, «Fofo, yaya. An wuni lahiya?»

Jama'a suka kasa kunne, ana jiran wutsiyar maganar. Ba wutsiya. Na tashi na sa takalmina, mushe ya busa usur.

Shi ya fara. Ya ce yau kazar da ta yi tono a fuskata ta dawo ta haɗiye harshen. Na ce, «Gaskiya ne, yaya.» Ya ce Bagobiri da dogon wando kamar jaki ne da rawani. Na ce, «Haka ne, yaya.» Ya ce kakana da ya ji kukan kwaɗon gulbi sai da ya gudu har Tsibirin Gobir bai waiwaya ba. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma ina da amsarta uku a bakina, amma na ce, «Allah ya jiƙan magabata, yaya.» Ƴan Gudel suna ta faɗuwa ƙasa don dariya. Namu kuwa suka juyo kaina, abin da suka kira ni ranar ba zan rubuta shi ba, domin su ba taubasaina ba ne, nasu zagin na gaske ne.

Abin haushi, ashe mutumin gwani ne. Duk shekarun nan ni na hana a gani. Da kansa ya sami sarari, babu maganar da yake saƙawa, sai ya zama bango. Ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, ya kama wadda kapitan ya buga da dukan zuciyarsa, da hannu ɗaya, yana kallona. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sun zura mana guda. A hutun kapitan ya yi ta goge gilashinsa har na ji tsoron zai huda shi.

Rana ta yi ƙasa, wasa ya kusa tashi, muka sami bugun kusurwa. A nan ne kullum nake cin kasuwata, in tsaya a hancinsa in saki magana daidai lokacin da balo ta tashi. Na je na tsaya. Sai wani daga cikin namu ya yi kururuwa ya ce, «Dorina!» Wani ya karɓa, nan da nan rabin fili na tafi suna cewa dorina, dorina, har da yaran Gudel. Kapitan ya matso ya riƙe mini hannu, ya ce, «Kalma ɗaya, don girman Allah. Ɗaya tak.» Ƙaton kansa ya daina kallon mai bugu, ni yake kallo, kunnuwansa sun yi ja. Da na saki maganar bikon nan, na rantse ko tulu aka jefo sai ya shiga.

Sai na hango ta. Tana tsaye bayan shingen garka, ta ajiye garwar ban-ruwa, ta dafa shingen da hannu biyu, ta zuba mini ido. Na ce a raina ga ta nan tana dubawa ta ga ko zan ci mutuncin yayanta a gaban duniya. Na haɗiye maganar. Na ja da baya na ba shi wuri, na ce, «Bismilla, yaya.» Ya tashi sama ya cafke balo ba wahala, mushe ya busa tashi.

A bakin fili kapitan ya karɓe rigarsa, rigar da ni na ɗinka da hannuna. Na koma Kalle da singileti, ni kaɗai, ta hanyar bayan gari. Na ji zafi ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma ina tafe ina lallashin kaina cewa na sayar da saniya na sayi gona.

Ran Talata manzo ya zo daga Gudel. Ƙaton ya ce a gaya wa kawuna ashe yaron yana da kunya, bai zata ba, kuma shi a nasa ɓangaren ya ba ni. Sai dai su a gidansu ba a ɗaura wa mace abin da ba ta ce to ba, don haka gobe za ta fito kasuwa, in je in ji daga bakinta. Kawuna ya yi ta zagaya shago yana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ya ba ni aron babbar rigarsa, matarsa ta fesa mini turare har ido na yaji.

Na same ta a wurinta, kwanon salati a gabanta. Na tsaya ina jiran ta kira ni bawa. Ta ɗago ta ce, «Sannu da zuwa, malam. Me za a ba ka?»

Na yi dariya, na ce yau kuma malam na zama? Na durƙusa gefen kwanon na gaya mata yayanta ya yarda, saura ita.

Ta ɗan jima tana yayyafa wa salati ruwa. Sannan ta ce, «Ka san ranar da na fara ganinka? Ina ban-ruwa na ji wani yana gaya wa yaya wai ko kadan gulbi ya ƙi cinsa. Garwa ta kuɓuce mini. Tun da babanmu ya rasu ban taɓa jin an mai da masa magana ba. Ba mugu ba ne, amma a gidanmu in ya ce rana ta faɗi, fitila ake kunnawa ko da tsakar rana ne. Na ce a raina, wannan ɗan siririn in ya aure ni, ranar da yaya ya shigo gidana yana tsara mini yadda zan zauna, akwai wanda zai amsa masa, kuma ba abin da zai iya yi.»

Na ce, «Ai don ke na yi shiru.»

Ta ce, «Na sani. Ba ka same ni ba ma ka durƙusa. Ranar da ka same ni kwanciya za ka yi.»

Na ce mata dattawa ne suka sa ni, na ce al'ada ce, na ce Kalle duka ta tsine mini saboda ita. Ta saurare ni ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce gidansu cike yake da masu cewa «to, yaya», ba sai ta yi aure ta tafi wata unguwa ta samo wani ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi kuka ba, ni ne idona ya cika. A rayuwata an zage ni da harsuna huɗu ko biyar, ba wanda ya taɓa shigata kamar wannan maganar da aka faɗa mini cikin ladabi.

Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ce mata ai ina da maganar a bakina ranar, a shirye take. Ta ce wace magana? A nan tsakiyar kasuwa, cikin babbar rigar aro, na gaya mata yadda dorina ta zo biko, ta ce maigida ya yi haƙuri ya koma ruwa, yara suna ta kuka.

Ta cije leɓe. Ta yi ƙoƙari, amma ta kasa, dariya ta ƙwace mata har ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa, matan da ke gefe suna tambayar lafiya. Zuciyata ta dawo wurinta, na fara gyara zama. Ta ɗago, ta share hawaye da bakin zanenta, ta dube ni sosai.

Ta ce, «Wallahi ta yi daɗi. Ran Lahadi ya kamata ka faɗe ta. Yau Laraba.»

Ta juya ga matar da ke tsaye a bayana, ta tambaye ta salati take so ko tomati.